Fitilar Waje a Ƙasar Funtua da Malumfashi: Daga Kasko zuwa Sola Mai Jin Motsi

Fitilar waje, wato wadda ake ajiyewa a ƙofar gida ko harabar masallaci ko bakin kasuwa ko masussuka, ba ta taɓa samun sauƙi a ƙasar Funtua da Malumfashi ba, domin kowane yanki na shekara yana zuwa mata da tasa fitinar. Damina kan sauka a watan Mayu ko farkon Yuni ta ɗauke a Oktoba, kuma ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗara, abin da ya sa yankin ya fi arewacin Jihar Katsina laima nesa ba kusa ba. Daga tuddan da ke kusa da Funtua ne ma kogin Sakkwato ya faro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Sai bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan taɓa digiri 40. Duk fitilar da aka taɓa kunnawa a wannan ƙasa da iska da ruwa da ƙura da zafi aka auna ta, kuma yawancin sauye-sauyen da aka gani a tarihinta sun fi shafar abin da ke kare wutar fiye da ita wutar kanta.

Kafin zuwan kananzir, fitilar gida kasko ce ta yumɓu ko ta ƙarfen ƙira. A zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a murza abawa a jiƙa ta a ciki, a jingina bakinta a gefen kaskon a kunna. Ba ta da murfi, ba ta da gilashi, ɗan hucin iska ya isa ya kashe ta. Saboda haka magina suka tanadar mata alkuki a jikin bangon ɗaki ko na zaure, inda iskar da ke shigowa ta ƙofa ba za ta same ta kai tsaye ba. Idan ta kama a ratsa tsakar gida da ita, sai an kāre ta da tafin hannu ko da ƙwarya. Waje kuwa ba hurumin wannan fitila ba ne. Abin da ke haska waje a wancan zamani wata ne da wutar kara. Wasan dandali da tatsuniya da tafiyar dare duk lissafin farin wata suke bi. Almajirai kan yini tara karan dawa da itace domin wutar karatun dare da na asuba, mai gadin gona yana hura tasa a gefen bukka, wanda zai leƙa turken dabbobi kuma ya zaro bakin wuta daga murhu yana kaɗa shi don kada ya mutu. Wutar kara iska ba ta kashe ta, ƙara mata ƙarfi take yi, amma a lokacin hunturu, da rufin ciyawa da dangar zana da rumbuna a ko'ina, ita ce babbar hanyar gobara. Da damina kuma karan ya jiƙe, sai dare ya zama dare sosai.

Bukatar haske a waje a ƙasar noma ba ta ado ba ce. Ana fita duba dabbobi, ana zuwa masallaci da asuba, ana kwana a masussuka lokacin kaka, ga kuma kunama da maciji. Binciken cututtuka da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Ingila suka gudanar a Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna yawan saran maciji a yankin, da yadda gamsheƙa mai tofi ke bin gidaje da dare neman ɓera da kaji.

Auduga da jirgin ƙasa ne suka kawo canji na farko. Ƙungiyar BCGA, wadda masu masaƙun Manchester suka kafa a 1902 domin samar wa kansu auduga, ta gina gidajen gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa a tsakiyar shekarun 1920, sannan layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Funtua, wadda a da Maska ta sha gabanta, ta zama tashar da ake loda auduga da gyaɗa, kamfanoni irin su UAC da John Holt kuma suna sauke hajarsu a garuruwan da ke kan layin. Cikin hajar akwai kananzir a garwa mai cin galan huɗu, da ashana, da fitilu. Manomin da ya karɓi kuɗinsa a fuloti yakan koma gida da turmin atamfa da gishiri, idan da rara ya haɗa da fitila. Garwar da aka juye ba ta zama shara: masu sayar da ruwa sun ɗauke ta, maƙeran gwangwani kuma suka sami abin yanka.

Daga hannun waɗannan maƙera aci-bal-bal ta kananzir ta fito, ɗan gwangwani da aka liƙa wa bututu a ka, aka zura tsumma ko abawa. Tana da araha, tana ba da jan haske da baƙin hayaƙi, kuma har kwanan baya ita ce fitilar mai ƙosai da mai gyaɗa da mai tireda a kasuwar dare. Harshenta ya fi na kasko taurin kai, amma iska mai ƙarfi tana kashe ta, yayyafi ma haka. Masu sana'a sun saba yi mata garkuwa da abin da ke kusa: kwali da aka yanke gefe ɗaya, ko takardar siminti da aka naɗe, ko tsohon kwano da aka kifa a gicciye.

Fitilar ƙwai fitila ce da aka ƙera musamman domin iska, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Wani Ba'amurke mai suna John Irwin ne ya yi rajistar ƙirarta a ƙarshen shekarun 1860, kamfanin Dietz na New York ya yaɗa ta, daga baya Feuerhand ta Jamus ta shiga kasuwannin Afirka ta Yamma, sai kuma na Sin da suka zo da araha. Sirrinta yana cikin bututun nan biyu da ke gefe, waɗanda da yawa ke ɗauka ginshiƙai ne kawai na riƙe hula. Iskar da wutar ke ci ba ta shiga kai tsaye. Tana bi ta sama, ta gangaro cikin bututun, ta taru a ƙarƙashin lagwani, sannan ta hau a hankali. Duk ƙarfin da iskar waje ta zo da shi, kafin ta gama wannan zagaye ya ragu, gilashin kuma ya tare abin da ya rage. Hular saman tana hana ɗigon ruwa faɗawa kan wuta, amma tana barin hayaƙi ya fita. Da wannan dabara mutum ya iya ɗaukar wuta ya ratsa gona cikin iskar hadari ya isa da ita a kunne.

Rauninta yana ga ƙwan. Idan gilashin ya yi zafi ruwan sama mai sanyi ya fantsamo masa, sai ya tsage, shi ya sa ba a rasa gidan da ke da ƙwai mai facin takarda. Hayaƙi yana baƙanta shi, sai an goge da toka da tsumma kowace yamma, aikin da yawanci yaran gida ake ba. Laimar damina tana sa gindin tankin tsatsa har ya fara yoyo. Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani a kasuwar ƙauye. Ana sayar da ƙwai daban, lagwani daban, mai gyaran fitila kuma yana zaune da ɗan murhun gawayi da dalma yana toshe tanki. Fitila guda takan yi shekaru a gida, har ta shiga kayan ɗakin amarya. Babban haɗarin da ya biyo baya daga mai ya zo, lokacin da aka fara samun kananzir gauraye da fetur, wanda kan fashe da an kunna.

Masu hali da masu sana'ar da ke bukatar farin haske, kamar masu tsire da masu shayi a tasha, da wuraren wa'azi da na biki, sun riƙe fitilar gas mai famfo, irin su Tilley ta Ingila da Petromax ta Jamus. Haskenta ya ninka na fitilar ƙwai sau da yawa kuma iska ba ta dame ta ba, amma ɗan farin ƙyallen da ke haskawa a cikinta da zarar ya ƙone sau ɗaya ya zama toka mai siffa, ƙaramin girgiza ya isa ya zubar da shi. Tana kuma tara ƙwari. A daren ruwan farko, idan shinge ya fito, sai ya rufe ta ruf. Tocila mai batir ta zo ta zama abokiyar mai gadi da mafarauci da mai zuwa masallaci, kuma ta ƙara yawa bayan 1975, lokacin da shirin bunƙasa aikin gona na Funtua, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya kawo hanyoyin karkara da takin zamani, noman masara ya haɓaka, kuɗi suka ƙara yawo a ƙauyuka. Ita matsalarta laima ce: batir ya kumbura ya zubo ruwa, ya ci ƙarfen ciki.

Lantarki ya daɗe a birane kafin ya leƙo karkara. Legas ta samu tun 1896, Kaduna a 1929, birnin Katsina kuma En'e ta kafa masa injinsa tun zamanin Turawa. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da ta madatsun Neja aka kafa NEPA a 1972, kuma babban layin wuta da ya taso daga Zariya zuwa Gusau yana da tasha a Funtua. NEPA ta koma PHCN a 2005, sannan a Nuwamba 2013 aka miƙa rarraba wutar Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO. A duk tsawon wannan lokaci fitilar waje ta talaka ba ta wuce ƙwai tsirara da aka rataya a waya a saman ƙofa ba. Wanda ya kula yakan kifa masa gwangwani ko guntun kwano don kada ruwa ya shiga mazauninsa. Ƙwan mai zare yana zafi ƙwarai, ɗigo ɗaya na iya fasa shi. Amma abin da ya fi damun mutane shi ne lokacin da aka fi bukatar wutar shi ne lokacin da ba ta nan, domin da hadari ya haɗo ake ɗauke ta, iska ta kayar da falwaya, tsawa ta ƙona taransifoma, unguwa ta yi makonni cikin duhu. Janareta ya cike wani giɓin a shaguna da gidajen masu hali. Ƙauyuka da yawa na Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙafur kuwa waya ba ta ma kai gare su ba.

Abin da ya kawo ƙarshen zamanin kananzir ƙaramin ƙwai ne mai suna LED. Masana uku 'yan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su ne suka samar da shuɗinsa, wanda daga gare shi aka sami fari a tsakiyar shekarun 1990, kuma sun karɓi kyautar Nobel a 2014 saboda wannan aiki. Ba ya cin wuta sosai, ba shi da zaren da zai tsinke, ba shi da harshen da iska za ta kashe. A shekarun 2000 fitilun caji da masu batir na Sin suka cika kasuwa, matasa kuma suka riƙa haɗa nasu da katako da tsohon faifan CD da ke mayar da haske. Da aka janye tallafin kananzir a 2016 kwalbarsa ta fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi, fitilar ƙwai ta koma ƙarƙashin gado. Daga nan iska ta daina zama babbar abokiyar gabar fitila. Ruwa da ƙura da zafi suka karɓi wurinta, domin yanzu abin da ake karewa allon wayoyi ne da batir.

Fitilun sola na kan titi na farko, waɗanda gwamnatoci da 'yan majalisa suka riƙa kafawa a matsayin ayyukan mazaɓu, gunduwa-gunduwa suke: farantin da ke karɓar hasken rana a can sama, fitila a hannun turke, batir mai dalma da ruwan asid a cikin akwatin ƙarfe a jikin turken ko a binne a gindinsa. Da yawansu ba su daɗe ba. Masu yin irin wannan batir suna auna ƙarkonsa a zafin digiri 25, kuma ƙa'idarsu ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. Akwatin ƙarfen da ya yini a ranar Afrilu ya wuce wannan ma'auni da nisa. Wanda aka binne kuma ruwan Agusta yakan cika raminsa, wanda ya tsira daga waɗannan biyun ɓarayi sun san darajarsa. Ga shi yawanci ba a ware kuɗin sauya batir a cikin kwangilar, don haka turakun da suka mutu suke tsaye a bakin hanya shekara da shekaru.

Wadda ta fi yawa yanzu ita ce mai haɗe da komai a jiki guda: faranti a bayanta, ƙwayayen LED a cikinta, batirin litiyam a tsakiya, da na'urar jin motsi. Mafi yawansu daga lardin Guangdong na ƙasar Sin ake yo su, musamman garin Guzhen da ya shahara da masana'antun fitila, su sauka Legas, su bi ta kasuwar Alaba ko ta Sabon Garin Kano, su iso shagunan kayan wuta na Funtua da Malumfashi, daga nan kuma kasuwannin mako. Na'urar jin motsin ta girmi sola a wannan aiki. A shekarun 1970 aka fara sa ta a ƙararrawar kama ɓarayi a Amurka da Turai, daga baya ta shiga fitilun ƙofar gida. Ba gani take yi ba, ɗumin jiki take ji. Jikin mutum ko na dabba yana fitar da wani haske na zafi da ido ba ya gani. Farar robar nan mai siffar rabin ƙwallo da ke ƙasan fitilar an rarraba ta gida-gida, kowane gida yana tattaro ɗumin wani sashe na fili ya kai shi kan ɗan ƙaramin ido da ke ciki. Idan abu mai ɗumi ya ƙetare daga wani sashe zuwa wani, idon ya ji bambanci, sai fitila ta buɗe haske. Shi ya sa ta fi saurin jin wanda ya gitta ta gabanta fiye da wanda ya nufo ta kai tsaye.

A ƙasashen da ke da tsayayyar wuta, amfanin wannan na'ura rage kuɗin lantarki ne da razana ɓarawo. A jikin fitilar sola kuwa aikinta na farko tattalin batir ne. Fitilar kan zauna da ɗan haske kaɗan, ta cika shi na ɗan lokaci idan wani ya wuce, ta sake ragewa. Da haka ƙaramin batir ke kai wa asuba. An fi ganin amfanin hakan a lokacin marka, cikin Agusta, sa'ad da gajimare kan rufe rana kwana biyu ko uku a jere. Fitilar da aka saita ta ci da cikakken haske dukan dare takan mutu kafin tsakar dare a irin waɗannan kwanaki, mai jin motsi kuwa ta lallaɓa.

Bazara ce ke kunyata ta. Tunda bambancin ɗumi take ji, sai an sami tazara tsakanin jikin mai wucewa da abin da ke bayansa. Fatar mutum ba ta wuce digiri 33 ko 34, katangar siminti ko ta bulo da ta sha rana tun safe kuma takan riƙe zafi kusan haka har bayan isha'i. A irin wannan dare fitilar da ke jin mutum daga nisan mita takwas lokacin sanyi sai ya zo dab da ita kafin ta farga. Da hunturu kuma abin ya juye, jinta ya yi kaifi har kyanwa ko akuya na tayar da ita. Wasu kamfanoni sun sauya wannan ido da na'ura mai aika igiyar rediyo ta saurari dawowarta. Ita zafi bai dame ta ba, kuma tana aiki ta bayan murfi a rufe, amma duk abin da ya motsa mutum ne a wurinta: ruwan sama mai ƙarfi, reshen darbejiya, ko ganyen masara, a ƙasar da ake shuka har gindin katanga. Daren iska ɗaya ya isa ya sa ta yi ta kunnawa har batir ya ƙare.

A jikin kwalin kusan kowace fitila akwai haruffan IP da lambobi biyu. Wannan ma'auni ne da hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta fitar a 1976. Lambar farko, daga 0 zuwa 6, tana nuna yadda jikin ya hana ƙura da tarkace shiga, ta biyu kuma ta ruwa ce. IP44 na nufin abin da ya kai kaurin milimita ɗaya ba zai shiga ba kuma fantsamar ruwa ba za ta cutar ba, amma ƙura tana da hanya. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma ta jure feshin ruwa daga tiyo. IP66 ta jure feshi mai ƙarfi, IP67 kuwa ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A ƙasar hunturu lambar farko ta fi muhimmanci fiye da yadda masu saye ke zato, domin kowa ruwa yake tambaya. Fitilar IP44 na iya wuce damina lafiya a ƙarƙashin rumfa, amma ƙurar da ta shige ta a Janairu tana nan kwance a kan allon wayoyi, da laimar Yuni ta same ta sai ta zama taɓo, tsatsa ta biyo baya. Ga kuma matsalar cewa buga lamba a kwali ba ya bukatar komai sai tawada. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON tana da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su, akwai kuma ma'aunin inganci da ya samo asali daga shirin Lighting Africa na Bankin Duniya da aka fara a 2007, amma kaya masu yawa da ke kasuwa ba su bi ta ko ɗaya ba. Araha dai ba ta ado.

Ko lambar ta gaskiya ce, sabuwar fitila ake gwadawa a ɗakin gwaji, na 'yan mintuna ko sa'o'i. Gwajin bai shafi abin da rana ke yi wa roba cikin shekara biyu ba. Hasken rana yana sa farar robar idon ta yi rawaya ta bushe har ta tsage da an taɓa, robar da ke toshe bakin murfi kuma ta taurare ta daina kamawa. Bai shafi numfashin da rufaffen jiki ke yi ba: da rana iskar ciki ta yi zafi ta kumbura ta fita ta kowace 'yar kafa, idan ruwa ya sauka jikin ya huce farat ɗaya sai ya zuƙo iska mai laima, ta kwana ta zama raɓa a cikin gilashi kamar gumin da ke taruwa a murfin tukunya. Fitilu masu kyau suna da ɗan mashaƙi da ke barin iska ta wuce ya hana ruwa, masu araha ba su da shi. Gwajin bai san da zanzaro ba, wanda kan ɗora ginin laka a kan idon, ko gizo-gizon da ke saƙa a gabansa saboda ƙwarin da haske ke tarawa, ko tsakar da ke fakewa a wurin don farauta.

Farantin ma yana da nasa rabon. Funtua da Malumfashi suna tsakanin digiri 11 da 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka ba a karkata faranti sosai, kusan a kwance yake fuskantar kudu. Wannan ya dace da rana, amma ya ba ƙura wurin zama. Daga Nuwamba zuwa Afrilu babu ruwan da zai wanke shi, ga hazo na rage hasken tun daga sama. Na kan katanga ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, na kan turke mai tsawon mita shida kuwa sai ruwan farko. Zafi kuma yana rage ƙarfinsa da kusan kashi 4 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 10, kuma tunda batirin yana manne a ƙarƙashin farantin, duk zafin da ya sha yana sauka a kansa. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi na dalma da sauran nau'in litiyam jure wannan, shi ya sa masu sanin kan kaya ke tambayar irin batir kafin su tambayi ƙarfin haske.

Wurin kafawa yana yanke hukunci kusan daidai da ingancin kaya. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar ruwan farko ita ce mai yaye kwano. Magina na dā sun san bangon gabas ne ke shan duka, shi suka fi yi wa yaɓen makuba. Fitilar da aka kafa a wannan bango tana karɓar ruwa a gicciye da damina, ƙura kuma da hunturu. Wadda aka sa ƙarƙashin indararo ko bakin kwano tana shan ruwan rufi gaba ɗaya, abin da ya wuce duk gwajin fantsama. A katangar ƙasa ƙusa kan saki idan bango ya jiƙa, sai fitilar ta sunkuya, idonta ya koma kallon gindin bango. A kan turke kuma faɗin farantin yana tare iska, idan gindin siminti bai yi zurfi ba ko bututun siriri ne, guguwa ɗaya ta isa ta lanƙwasa shi.

Bukatar waɗannan fitilu ta ƙaru a shekarun baya-bayan nan saboda dalilai da ba na yanayi ba. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, har da sace ɗalibai fiye da 300 na makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamba 2020, sun sa unguwanni da makarantu da masallatai neman hasken dare. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya kwantar da janareta da yawa, sannan a Oktoba 2024 lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Ƙungiyoyin unguwa kan yi karo-karo su kafa fitila a mararraba ko bakin rijiyar burtsatse, masu shagunan hatsi da na taki kuma su sa a ƙofar sito.

Tare da yawaitarsu wata sana'ar gyara ta taso, yawanci a hannun masu gyaran waya da rediyo da masu haɗa sola. Aikin da suka fi yi shi ne sauya batir, domin shi ke fara mutuwa, kuma sau da yawa idan an buɗe sai a tarar bai kai girman da aka rubuta a kwali ba. Suna kankare tsatsar allo, su sauya idon da ya tsage, su bi bakin murfi da inda waya ta shiga da gam na silikon. Akwai fitilun da aka haɗa da kusoshi masu warwaruwa, waɗannan ana buɗe su a mayar. Akwai kuma waɗanda aka narke bakinsu aka liƙe tun daga masana'anta, waɗanda ba sa buɗuwa sai an fasa, kuma da an fasa kariyar ruwan ta tafi ke nan. Irin waɗannan mai gyara kan cire farantin da ƙwayayen da ke da rai ya ajiye don wani aiki, sauran kuma su bi 'yan gwangwan.